Nas masu zuwa gida a Zariya, abun da muka gani a jinyar Mama

Tun ranar da nayi maganar jinyar Mama a wajen wani suna a Gyallesu mutane ke ta bina da tambaya, wai su waye matan nan da suke zuwa gidanmu da baƙar jaka da sassafe, nawa suke karɓa, kuma da amfani ne ko kuwa ɓarnar kuɗi ce tunda dai ga asibiti a gari. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shiyasa nace bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Sunansu dai ba zan saka ba, saboda akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma ban nemi izinin kowa ba.

Mama sankarar mama ce ta kama ta, a nonon hagu. Ta ɓoye mana abun ya kai wata takwas, tana shafe-shafe ita da Goggo ƙanwar babanmu, yau a kawo wani gari a kwaɓa da man shanu gobe a kawo rubutu, har sai da wajen ya fashe ya fara ruwa sannan ƙanwata ta gani a jikin zaninta. Kun san maganar da ake yi, wai daji baya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura sai ya bazu. Da wannan maganar aka riƙe Mama a ɗaki. Da ƙyar da siɗin goshi Yaya ya saka ta a mota muka nufi Shika, aka yanki ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya fito likita yace kemo za'a fara, wato maganin daji da ake ƙarawa ta jijiya, zagaye shida, duk bayan sati uku, in abun ya motse sai ayi aiki daga baya kuma gashi, wato ƙona dajin da na'ura. Wanda bai sani ba, asibitin koyarwa na ABU dake Shika yana da sashen masu ciwon daji, kuma ba mutanen Zariya kaɗai ke zuwa ba, a benci ɗaya na zauna da wata mata daga Funtua da wani dattijo daga Gusau.

To ita kemo a asibiti ake yinta rana ɗaya ce, ku je da safe ku dawo da yamma. Sauran kwana ashirin ɗin fa? A gida kuke, ku da mara lafiya da tsoro. Wannan kwana ashirin ɗin su ne dalilin da yasa muka nemi waɗannan mata, kuma duk abun da zan faɗa akan su ne.

Wata maƙociyarmu ce ta haɗa mu. Su huɗu ne a ƙungiyar lokacin, basu da wani ofis na azo a gani, ɗaki ɗaya ne a wajen Tudun Wada da suke ajiye kayan aiki. Shugabarsu dattijuwa ce da tayi ritaya daga wani asibitin gwamnati, ta daɗe a ɓangaren masu kansa, kowa Sista yake ce mata har Mama da ta girme ta. Abun da ya fara burge ni, ranar farko kafin in tambaya ta ciro lasisinta na hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ta nuna mun, tace duk wadda zata turo in tambaye ta nata, in babu in kore ta. Dan Allah ku riƙe wannan. Garin nan cike yake da masu cewa su nas ne alhali a kemis suka koyi allura, ba raina sana'ar kowa nake ba amma ciwon daji ba zazzaɓin cizon sauro bane.

Bari in faɗi yanda zuwan farko ya kasance don shi ne ya sa na yarda da matar nan. Ɗakin Mama a lokacin wari yake, ba zan ɓoye ba, irin warin da turaren wuta baya dannewa sai dai su haɗu su zama wani abu daban. Jikoki sun daina shiga. Mama ita kanta ta sani, shiyasa in anyi sallama sai tayi kamar barci take. Sista ta shiga, fuskarta ko gezau, ta zauna a bakin gado suka gaisa kamar a gidan biki, ya jiki ya gida ya yara, har da tambayar Mama ko ita ƴar cikin ganuwa ce don taji tana cewa ƙofan Doka. Sai da aka yi kusan minti goma ana hira sannan tace, Mama zan iya gani? Ta sa na ɗaga labule na buɗe taga, ta wanke hannu ta saka safar hannu, tsumman da ya manne a ciwon bata fizge ba, jiƙa shi tayi ta yi da ruwan gishiri a hankali har ya saki da kanshi, tace irin wannan ciwon in ka ja da ƙarfi jini ne zai ɓalle kuma tsayar da shi wahala. Ta wanke, bata goga ba zubawa take ruwan na gangarowa cikin roba. Daga nan ta ɗauko ƙwayar Flagyl ta daka a cokali biyu ta zama gari ta barbaɗa akai ta rufe da gauz mai tsabta. Ni dai kallonta nake ina cewa a raina wannan kuma maganin ciwon ciki me ya kawo shi nan. Tace wasu ƙwayoyin cuta ne da suke rayuwa inda iska bata shiga suke kawo warin, maganin su yake kashewa, kuma zata gaya ma likita ta yi hakan. Wallahi kwana uku warin ya ragu sosai, ranar ta huɗu autan Yaya ya shiga ya hau gadon kakarshi yana cin gyaɗa. Mama ta juya fuska bango tana share hawaye tana tunanin bamu gani ba.

Ciwon bai warke da wannan ba fa, kar wani ya karanta yaje ya daka magani yace ya samu waraka, ita kanta Sista ta faɗa tun a ranar cewa wari take kashewa ba daji ba.

Na biyu da zan yaba musu shi ne koyarwa. A asibiti an mana bayani gaskiya, amma mutum yana cikin ruɗani rabin abun da aka faɗa baya zama. Kwana biyu kafin kemon farko Sista ta tara mu a tsakar gida, ni da ƙanwata da matar Yaya, ta ce mu kawo littafi. Tace akwai wani jan magani a cikin waɗanda za'a ƙara ma Mama, fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu kar mu ɗauka jini ne. Gashin kai zai fara zuba bayan sati biyu zuwa uku, zai dawo in an gama. In ana cikin ƙarin maganin Mama taji zafi ko raɗaɗi a wajen kanula ta yi magana nan take kar tayi kara, don in maganin ya fita daga jijiya yana cin nama. Kwana biyun farko duk wadda zata taɓa amai ko fo ta saka safar hannu, kayan da suka ɓaci a wanke su daban, mai ciki kuma kar ta taɓa sam, matar Yaya lokacin tana da ciki wata biyar sai aka cire ta daga wannan aikin. Maganin amai a bata akan lokaci tun kafin aman yazo ba sai ya zo ba. Baki kuma a dinga kuskurewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a rana saboda gyambon baki, buroshi mai taushi, yaji a ajiye shi tukunna, wanda wannan ne ya fi ɓata ma Mama rai don ita ko kunu zata sha sai ta nemi yaji. Abinci kaɗan kaɗan sau da yawa, kunun gyaɗa, ƙwai dafaffe, faten wake, romon kaza. Fura da nonon talla tace a haƙura da su, da su latas da duk abun da ba'a dafa ba, saboda jiki bashi da sojojin da zasu yi faɗa a wannan lokacin.

Sai ta ciro tamomita sabuwa ta bani a hannu tace wannan ita ce mafi tsada a cikin kayan nan ba don kuɗinta ba. Safe da yamma a auna a rubuta. In ta kai 38 ku kira ni ko ƙarfe nawa ne.

Wannan maganar ita ce ta tsamo Mama, bayan ikon Allah. Kwana goma bayan zagaye na biyu, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na dare, ba wuta, naji Mama na rawar sanyi haƙoranta na haɗuwa. Na haska da waya na auna, 38.4. Yaya ya taso yace maleriya ce, damina ce ai, bari a bata Panadol da safe ya siyo maganin maleriya a kemis, kuma gaskiya ni ma ra'ayina kenan don tunanin fita a daren nan kaɗai ya isa. Amma na kira. Bugu biyu ta ɗauka. Tace kar a bata komai da zai saukar da zazzaɓin ya rufe mana ido, ku ɗauki katinta da takardar da aka rubuta magungunan kemo ku tafi sashen gaggawa yanzu, kuna shiga kuce tana kan kemo yau kwananta goma. Yaya ya karɓi wayar yace Sista ba za'a bari gari ya waye ba? Naji muryarta har inda nake, tace Alhaji tsakanin kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, suna faɗuwa ƙasa, ƙaramar cuta a wannan lokacin cikin awoyi take shiga jini, in kana son mahaifiyarka ka tada mota. Bai ƙara magana ba. Muka bi ta Kwangila titi fayau ba kowa sai masu shayi, aka ɗebi jini aka ga fararen ƙwayoyin jinin sun yi ƙasa sosai, aka fara mata allurai ta jijiya a daren, kwana biyar muka yi a kwance. Likitan da ya zagayo da safe ya tambayi wa yace mu taho da dare, nace nas ɗinmu ce ta gida, ya gyaɗa kai kawai ya cigaba da rubutu.

To yanzu ƙorafi, don ba duka ne zuma ba.

Lokaci. In Sista da kanta zata zo tana cika alƙawari, amma sauran sai a hankali. A ce ƙarfe takwas sai sha ɗaya, an riga an ba Mama maganin ciwo don a wanke ciwon tana cikin sauƙi har maganin ya sake ta ba'a zo ba. Uzurin kullum ɗaya ne, ba'a samu keke ba, ko an tsaya a wani gida a Samaru. Na gane su huɗu ne garin kuma da faɗi, amma ai waya tana hannu, kira ɗaya ya wadatar. Sannan canjin fuska, yau wannan gobe waccan, Mama mace ce mai kunya, buɗe ƙirji gaban sabuwar fuska duk bayan kwana biyu ba ƙaramin abu bane a wajenta, kuma ba kowacce ke karanta abun da ta jiya ta rubuta ba sai in sake bayani daga farko.

Wanda ya fi ƙona mun rai wata yarinya ce a cikinsu. Hannunta yana da kyau ba laifi, amma waya. Tana cikin diresin waya tayi ƙara ta kai hannu da safar a hannunta ta latsa ta dawo kan ciwon, ina tsaye. Nace ƙanwata canza safar nan, ta canza tana ɓata rai. Wannan ma da sauƙi. Bayan sati ɗaya wata mata a layinmu ta tare ni tana jajanta mun wai taji za'a yanke ma Mama nono, maganar da ko ƴan uwan Mama na Sabon Gari bamu gaya ma ba. Da na bi diddigi ashe a keke suka haɗu da yarinyar hira tayi daɗi. Ranar ban iya cin abinci ba. Na kira Sista na gaya mata, bata kare ta ba, da yamma ta zo da kanta ta durƙusa ta ba Mama haƙuri, yarinyar kuma bata sake taka gidanmu ba. Na yaba da hakan amma magana in ta fita ta fita, har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Kuɗi kuma, mu dubu biyar muke biya duk zuwa, kayan diresin namu ne, in kwana za'ayi kuɗin daban ne kuma ya ninka fiye da sau biyu. Farkon watanni biyu kusan kullum ake zuwa kun ga lissafin ba wasa bane akan kuɗin kemo da gwajin jini da ake yi kafin kowane zagaye. Rasit basa bayarwa sai ka nace, wanda a gidan da ƴan uwa ke haɗa kuɗi yana iya kawo zargi, ni sai da na buɗe littafi na daban kowacce ta zo ta sa hannu. Amma in faɗi gaskiya Sista da kanta ta rage ma kanta ciniki, bayan sati shida tace ke yanzu kin iya, ta tsaya a kaina nayi wankin ciwon sau uku tana kallo tana gyara mun, daga nan ta koma zuwa sau biyu a sati. Ita ce kuma ta fara gaya mana akwai asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, Shika na cikin asibitocin da aka fara da su, tace mu tambayi ofishin walwala a can.

Akwai abun da suka ƙi yi, kuma yanzu nake ganin darajar ƙin. Bayan kwanciyar nan Mama ta tsani hanyar asibiti, Yaya yace tunda mu muke siyan maganin me zai hana a ƙara mata a gida a biya ko nawa ne. Sista tace ko miliyan zai bata ba zata yi ba. Maganin kemo sai an ga sakamakon jini likita ya sa hannu, haɗa shi ma akwai kayan kariya da wajen da ake yi, kuma in jiki ya ƙi maganin ana cikin ƙari me zata yi a tsakar gida? Haka in muka ce ta canza magani ko ta ƙara, sai tace wannan na likita ne, ta rubuta tambayar a littafi mu tafi da ita ranar kilinik.

Rigimar mofin ma, wani maganin ciwo mai ƙarfi, ita ta kashe ta. Likita ya rubuta na ruwa, ana ba Mama duk bayan awa huɗu a farkon jinyar lokacin da ko juyi bata iyawa. Goggo ta tada hankalin gida wai wannan maganin in aka fara ba mutum to an sallama shi ne, wasu kuma suce za'a maida tsohuwa ƴar ƙwaya. Har ɓoye kwalbar aka yi rana ɗaya. Sista bata yi faɗa ba, ta zauna da Goggo akan tabarma tace Goggo jiya da aka bata ta yi sallah a zaune ko bata yi ba? Tayi. Yau da aka hana ta fa? Goggo tayi shiru. Tace maganin ciwo ne, a ma'aunin da likita ya rubuta, in ciwon ya ragu za'a rage shi a hankali, illar da zaku gani tabbas ita ce bayan gida zai ɗaure shiyasa aka haɗa da mai saki. Kuma haka akayi, bayan zagaye na uku da ƙullun ya motse aka dinga ragewa har aka daina. Rubutu da addu'a bata taɓa hanawa ba, ita ma tana tofawa, abun da ta hana shi ne shafa wani abu akan ciwon da kuma jiƙe-jiƙen da ba'a san me ke ciki ba, tace hanta da ƙoda aikin kemo kaɗai ya ishe su.

Bayan aiki sun koya mana zubar da ruwan robar da aka saka mata a gefe da auna shi, da motsa hannu, Mama ta tsaya gaban bango tana hawa da yatsu kamar gizo-gizo kullum ana ƙara tsawo, jikoki na mata dariya tana zaginsu. Hannun hagun kuma tace kar a yarda a auna hawan jini ko a ɗebi jini a nan in da hali, saboda an cire ƙululun hammata hannun na iya kumbura, kar ta ɗau abu mai nauyi, awarwaro mai matsewa a cire.

Wata rana ina raka ta ƙofa ta tsaya ta kalle ni tace ke fa, yaushe rabon da ki duba naki? Nayi dariya. Bata yi ba. Ta maida ni ɗaki ni da ƙanwata ta nuna mana yanda ake dubawa bayan al'ada da tafin yatsu har cikin hammata, tace tunda mahaifiyarku ta yi ku gaya ma likita a san lokacin da zaku fara hoto. Ta tambayi shekarun ƴata nace sha ɗaya, tace rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara a ƙasar nan a 2023 na yara mata ne ƴan shekara 9 zuwa 14 kuma kyauta ne. Wannan ba ya cikin dubu biyar ɗin.

In da maki zan bayar, Sista ita kaɗai goma bisa goma, ƙungiyar gaba ɗaya bakwai, latti da sakin baki ne suka ci ukun. Wanda zai ɗauke su ya nemi a tsayar mishi da mutum ɗaya ko biyu tun farko, ya faɗi maganar sirri ƙarara a ranar farko kar yaji nauyi, ya buɗe littafin sa hannu. In mara lafiyarku yana da ƙarfi ba ciwo a buɗe, ba lallai sai kullum ba, zuwa biyu ko uku bayan kowane kemo da lambar da za'a ɗauka da dare sun isa.

Mama ta gama gashi, yanzu ƙwaya ɗaya take sha kullum wadda akace zata kai shekara biyar. Gashin kanta ya fito fari tas mai laushi kamar na jariri, har ƙanwata ta fara kama mata ƙananan kitso. Satin da ya wuce Sista ta biyo ba don aiki ba, ta tarar Mama na tsakar gida tana tankaɗe, tace Mama da wanne hannun kike ɗaga kwaryar nan? Mama tayi sauri ta maida ta hannun dama tace ke dai ƴar nan baki da aiki sai sa ido, zauna a zubo miki ɗanwake, yau har da yaji.